Gawar Baffa a Bakin Idon Ruwa

Matan da suka fita neman itace ne suka fara ganinsa. Baffa yana kwance rub da ciki a bakin idon ruwa, hannu ɗaya miƙe gaba, ƙeyarsa a fashe, jini ya bushe a wuyan rigarsa. An buɗe shingen ƙayar da ya kewaye ruwan, shanu sun shiga sun tattake ko'ina. Kafin a je a taso Duƙau daga gidansa, rabin ƙauyen ya riga shi isa.

Duƙau mai bin sawu ne. Tafiyarsa ce ta jawo masa sunan, kullum kai a ƙasa kamar wanda allurarsa ta faɗi. In sa ya ɓace shi ake nema, in ɓarawo ya haura katanga shi ake nema, har 'yan sanda sukan aiko masa da mota in abu ya cuɗe musu. Shi kansa ba shi da ko akuya, tun shekarar da ciwo ya share masa garke.

"Ku ja baya," in ji shi. "Don Allah ku ja baya. Abin da shanu suka rage kuna ƙarasawa."

Ƙanensa Auta, shugaban ƙungiyar makiyaya, yana tsaye a kan gawar, idanu jawur.

"Yaya, kada ka wahalar da bayanka. Kowa ya san wanda ya yi. Jiya da yamma an ga motar mai awo a nan. Sun kashe mana shaida, sun saki shanu su ɓata mana ruwa."

Wurin ya ɗauki hayaniya. Samari suka fara zare sanduna.

Abin da ya sa zukata suka yi zafi haka shi ne shari'a. Gwamnati ta karɓe filin kiwon nan za ta yi tashar jiragen sama na kaya. Karɓewar ba ta ci wa mutane rai kamar ƙiyasin ba. An turo mai awo da rani, ya zagaya da na'urarsa, ya rubuta cewa filin faƙo ne, ba ruwa, ba ciyawar kirki. Diyyar faƙo kuwa ba za ta isa mutum ya sayi wurin ɗaure tunkiya ba. Makiyaya suka haɗa kai suka ɗauki lauya suka kai ƙara, kuma duk shari'ar ta rataya a kan idon ruwan nan. In yana da rai, fili mai ruwa ne, diyyarsa za ta isa su sayi wani wuri su koma tare. In ya mutu, kowa ya kama gabansa.

Idon ya ƙafe rani biyu a jere. Bana, ana tsakiyar zafi, sai aka wayi gari ya tara ruwa. Mutane suka ce Allah ne ya dubi talaka. Auta ya sa aka kewaye shi da ƙaya, ya hana a shayar da ko ɗan maraƙi sai alƙali ya zo ya gani da idonsa. Jibi alƙalin zai zo. Baffa, wanda ya girmi kowa, shi ne zai tsaya a bakin ruwan ya rantse cewa idon yana da rai, yakan buya ne kawai ya dawo.

Yanzu ga Baffa nan, ƙuda na bin kunnensa.

* * *

Sawun mai awo bai yi wuyar samu ba. Takalmin kanti ne mai zane a tafinsa. Ya sauko daga inda motar ta tsaya, ya zo bakin ruwa, ya koma, sawun Baffa da ɗigon sandarsa suna gefensa.

"To ai magana ta ƙare," in ji Sajan 'yan sanda, wanda ya iso da motar ɗaukar gawa.

Duƙau ya tsuguna ya duba sawun. Ƙwarin dare sun ja layukansu a kan sawun biyun, raɓa ta sauka ta ɗaure ƙurar. Sawun yamma ne. Baffa ya raka mutumin har mota, ya juya da ƙafafunsa ya nufi gida.

"Lokacin da wannan ya tafi, Baffa yana raye," in ji shi. "Daga baya ya sake fitowa."

"Shi ma mai awon zai iya sake dawowa."

"Zai iya. Amma ban ga inda ya dawo ba."

Duƙau da Sajan sun sami mai awo a ofishin 'yan sanda. Samari sun tare shi a hanya sun fasa masa gilashin mota, da ƙyar aka ƙwace shi. Yana zaune a kan benci bayan kanta, leɓe a kumbure, tabaronsa ido ɗaya ya tsage. Bai kai shekarun da Duƙau ya yi zato ba.

"Me ya kai ka wurin jiya?" in ji Duƙau.

"Ruwan na je gani, Baba. Ni na rubuta faƙo da hannuna. Da na ji an ce ruwa ya dawo, abinci ya daina shiga min. In kuskure na yi, ai mutane da yawa na cuta. Na ce bari in gani kafin alƙali ya gani."

"Ka gani?"

"Na gani, jikina ya mutu. Ina tsaye sai ga tsohon. Na ɗauka zagina zai yi. Ya dube ni ya ce, 'Ɗana, je ka huta, ba ka yi wa kowa ƙarya ba.' Na ce me yake nufi, ya ce tsufa ne ke sa shi surutu."

Sajan ya yi tsaki. "Duk wanda muka kama, mamacin amininsa ne. Ban taɓa kama wanda suka yi faɗa ba."

Duƙau ya dubi hannayen mai awo. Suna kan gwiwoyinsa, tafin sumul, ba karce ko ɗaya. Wanda ya ɗaga shingen ƙayar can a gaggauce ba zai tsira da hannu haka ba.

* * *

Gidan Baffa ya cika da mata. Inna, matarsa, ta sa aka kira Duƙau cikin ɗaki. Gadon tsohon yana nan yadda ya bar shi, bargo a yaye, kwalbar man zafi a buɗe a kan taga.

"Inna, sai haƙuri."

"Haƙuri ya zama dole, ɗan nan. Zauna."

"Yaushe ya fita?"

"Kafin asuba. Na ce ina zuwa da duhun nan, ya ce yanzu zai dawo. Ko hula bai sa ba." Ta goge ido da bakin mayafi. "Ya daɗe ba ya barci. Sai in farka in same shi zaune ya kasa kunne. Na ce me kake saurare? Ya ce kwaɗi. Wai, 'Ke, kin taɓa ganin ruwa ya daɗe haka ba kukan kwaɗo ko ɗaya?' Na ce 'yan'uwanka ne kwaɗin da ka damu da su?"

Ta yi ɗan murmushi, murmushin ya karye.

"Ya yi maganar rantsuwar?"

"Ya ce ba zai ɗaga hannu ya rantse a kan abin da bai gane ba. Ya ce kabarinsa ya fi kusa da shi a kan kotu."

"Wa ya faɗa wa haka ban da ke?"

"Ƙanenka. Shekaranjiya ya zo, sun daɗe a ƙofar gida, har na ji murya ta ɗan tashi. Amma ka san su, kamar ɗa da uba suke. Shi ya koya wa Auta tatsa." Ta kama hannun rigar Duƙau. "Ka nemo min wanda ya yi, ko wane ne. Ba na son a ba ni wani a madadinsa."

* * *

Da rana ta karya Duƙau ya koma bakin idon shi kaɗai. Tun da shanu sun cinye tsakiyar, sai ya faɗaɗa zagaye, yana tafe yana ƙara nisa, har ya gangara cikin kwazazzabon da ke bayan idon, inda ba mai bi saboda duwatsu. A nan, a kan yashi mai laushi, ya ga kofatan jakuna.

Da farko har wani sanyi ya ji a ransa. Ɓarayin ruwa, ya ce. Wasu baƙi ne ke zuwa su saci ruwa su sayar, Baffa ya kama su. Baƙi sun fi sauƙin kamawa. Ba ka san uwarsu ba, ba ka san 'ya'yansu ba.

Ya bi sawun yana murna, sai murnar ta tsaya. Ya koma baya ya sake dubawa. Jakunan da suka nufi idon kofatansu sun nutse cikin yashi, takunsu gajere, kuma a gefensu akwai ƙananan ramuka inda ruwa ya ɗiga. Waɗanda suka fito daga idon da ƙyar suka taɓa ƙasa, takunsu dogo, na dabbar da aka sauke wa kaya. Ɓarawon ruwa yakan zo fayau ya koma da nauyi. Waɗannan da nauyi suke zuwa su koma fayau. Kuma ba na jiya kaɗai ba ne. Sawu ne a kan sawu, sabo a kan tsoho, na kwanaki masu yawa.

Ya hau ya ƙetare shingen, ya naɗe hannun riga ya zura hannu cikin ruwan har kafaɗa, daidai inda idon yake tun yana yaro. A da, wurin nan sanyi yake tsirgowa har ya kama maka yatsu. Yanzu ɗumi ya ji, da yumɓu da aka shafe ƙasan da shi sumul kamar cikin randa. Ya ɗebo ya kurɓa. Warin jarka.

Ya zauna a kan dutse ya daɗe. Ya san akwai sawun mutum a gefen na jakunan, ya gan shi ta wutsiyar ido tun ɗazu, ya ƙi dubawa. Daga ƙarshe ya tashi ya je ya duba.

Takalmin roba ne irin na kowa. Amma ƙafar hagu tana buɗewa waje, dugadugin yana ɗan jan ƙasa kafin ya tashi. Duƙau ya san ranar da ƙafar nan ta zama haka. Bijimi ne ya taka ta, mai ita yana ɗan ƙarami, kuma shi Duƙau ne ya goyo shi zuwa gida yana ihu a bayansa.

A gindin shingen, inda ƙaya ta hana shanu takawa, ya sami sauran. Jini a kan dutse. Daga dutsen, shatin yatsu da gwiwa, mutum yana jan jiki. A gefen inda jan jikin ya ƙare, ƙafafun nan biyu sun tsaya wuri ɗaya har sun nutse. Sun daɗe a tsaye. Sannan suka juya, ba wajen gari ba, wajen turken shanu.

* * *

Duk da haka ya bi jakunan har gidansu, ko Allah zai sa ya ji wani suna daban. Sun kai shi bakin titi, kusa da famfon burtsatse, wurin wani mai ba da hayar jakuna, mutum mai baki kamar rediyo.

"A'a, Duƙau da kansa! In ɓarawo kake nema ga shi can, jakin nan mai farin hanci, jiya ya cinye min hula."

"Wa ke hayar jakunanka da duhun asuba?"

Dariyar ta bar fuskar mutumin. Ya dubi hagu ya dubi dama.

"Ni ban san komai ba. Na ji abin da ya faru, Allah ya ji ƙan tsoho. Amma ni ko hanyar idon nan ban sani ba."

"Jakunanka sun sani. Sajan zai tambaye ka yadda aka yi suka fi ka sani."

Mai jakuna ya matso kusa. "Shugaban makiyaya ne. Ya ce yashi zai riƙa ɗebowa don gyaran turke, kuma ba ya son kowa ya bi shi. Kullum su dawo min mangala jiƙe sharkaf. Na ce Shugaba, yashin nan a kogi yake kwana? Ya ce in kama bakina, alherin na kowa ne." Ya rage murya. "Yau su kaɗai suka dawo, ba mai kora. Ɗaya ma da jarkokin a bayansa. Na ɓoye su a bayan ɗaki. Wallahi iyakar abin da na sani ke nan. Ina da 'ya'ya, Duƙau."

"Kowa yana da su," in ji Duƙau.

* * *

Ya sami Auta a tsakar gidansa yana tufka igiya. Matar Auta ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo ruwa ta ajiye, ta kwashe yara ta shige ɗaki. Takalman roba suna jingine a bango, an wanke su tas. Bayan hannayen Auta duk karce ne.

"Na bi ta kwazazzabo," in ji Duƙau.

Hannun Auta ya tsaya a kan igiyar. Bai ɗago ba.

"Yaya, gobe ɗaya ta rage. Jibi alƙali ya zo ya gani, ya rubuta, shi ke nan. Bayan nan ka yi yadda ka ga dama da ni."

"Mai awo fa?"

"Ɗan gwamnati ne, yana da masu fitar da shi. Kwana kaɗan zai yi."

"Samari suna maganar zuwa su ƙone ofishin da shi a ciki. Kai ka nuna musu shi."

Auta ya jefar da igiyar. "Ka san abin da na gani kafin in fara? Na je na dubo filin da za mu saya. Ciyawa har gwiwa, Yaya, ga rafi. Na dawo na tarar da mutanenmu suna sayar da shanu a farashin awaki. Idon nan ya shayar da kakanninmu. Don ya ƙafe shekara biyu sai a ce bai taɓa zama ruwa ba? Su suka fara ƙarya, ni rama mana na yi."

"Mai awo bai yi ƙarya ba. Baffa ma ya faɗa masa."

"Baffa!" Muryar Auta ta karye. "Na roƙe shi. Na durƙusa masa a ƙofar gidansa."

A cikin ɗaki ƙaramar yarinyar tana kuka, uwar tana lallashi.

"Gobe da hantsi Sajan zai tara mutane a bakin idon," in ji Duƙau. "Ka faɗa da bakinka. In ba ka faɗa ba, ni zan faɗa."

"Nono ɗaya muka sha."

"Shi ya sa na fara zuwa nan."

"In na gudu fa?"

"Ni za a sa in bi ka."

Auta ya yi wata dariya marar daɗi. "Kuma za ka same ni."

Duƙau ya tashi. Ruwan da aka kawo masa yana nan bai taɓa ba.

* * *

Auta bai gudu ba. Da hantsi yana gaban jama'a da farar rigarsa. Sajan ya zo da mai awo da mai jakuna, 'yan sanda biyu suna tsare da su. Lauyar ƙungiya ma ta zo daga birni, mace mai ƙoƙari wadda ta ɗauki shari'ar nan kamar tata. An kawo wa Inna kujera.

"Duƙau yana da magana," in ji Sajan. "Wanda ya ɗaga sanda zai kwana a wurina."

Duƙau ya dubi ƙanensa, ya jira. Auta yana kallon ruwa. Duƙau ya ƙara jira, har mutane suka fara gunaguni. Sannan ya fara.

Ya ce mai awo ya zo da yamma ya tafi, Baffa yana raye. Aka yi masa ihu. Ya ce su biyo shi. Ya gangara da su bakin kwazazzabo, ya nuna musu kofatan, masu shiga da masu fita. Bai yi dogon bayani ba, don duk wanda ke wurin ya taɓa kora jaki da kaya. Dattawa suka tsuguna suka duba, suka tashi ba wanda ya kalli wani.

"Ruwan famfo ne," in ji Duƙau. "Da jarka ake kawo shi. Idon ya mutu. Baffa ya yi zargi, ya fito ya gani da idonsa."

Lauya ta dafe kai. "Wa ya sani a cikinku?" in ji ta. "Ku gaya min, wa ya sani?"

"Ga mai jakunan nan!" wani ya yi ihu. "Shi ne!"

"Ni haya na bayar!" Mai jakuna ya faɗi a gwiwa. "Ku tambayi Shugaba wa na ba!"

Wani dattijo mai garke babba ya matso gaban Duƙau.

"Kai ba ka da ko kaza a filin nan. Me za ka rasa? Ba za ka iya yin shiru kwana ɗaya ba? Kwana ɗaya tak?"

"Zan rasa ƙanena," in ji Duƙau.

Ya taka zuwa gindin shingen, ya nuna dutsen, ya nuna shatin yatsun.

"Turewa aka yi, ya faɗa a kan dutsen nan. Wannan zuciya ce, tana iya ɗibar kowa. Amma bai mutu nan take ba. Ya ja jiki daga nan zuwa can. Wanda ya ture shi ya tsaya a kansa yana kallo. Daga nan zuwa gidan mai magani ba nisa. Bai je can ba. Turke ya je, ya kwanto shanu su taka sawu." Ya juya. "Auta, taka ka zo nan kowa ya ga ƙafarka."

Auta bai taka ba. Ya zame ya zauna a ƙasa, farar rigar cikin taɓon da shanu suka dama.

"Ya riƙe igiyar jakin," in ji shi, murya can ƙasa. "Ya ce zai gaya wa alƙali. Na fizge, na ture shi. Ban ga dutsen ba."

Inna ta miƙe daga kujerarta. Ba wanda ya riƙe ta. Ta zo ta tsaya a gabansa.

"Ya yi magana?"

"Inna…"

"Na ce ya yi magana?"

"Ya ce, 'Auta, ɗaga ni.'" Ya rufe fuska da hannuwa. "Na ce in na ɗaga shi zai faɗa. Na ce bari in ɗan jira in yi tunani. Ina cikin tunanin ya daina motsi."

Inna ta daɗe tana dubansa. Ba ta zage shi ba, ba ta yi kuka ba. Ta juya ta ce a kai ta gida.

Da Sajan ya sa masa ankwa, Auta ya wuce ta gaban yayansa yana jan ƙafar hagu. Bai dube shi ba.

* * *

Alƙali bai zo ba. Lauya da kanta ta tashi a kotu ta janye maganar idon ruwa, ta ce ba za ta tsaya a kan abin da ta san ƙarya ne ba. Ta yi iya yinta a kan ciyawar damina da itatuwa da tsofaffin hanyoyin shanu. Mai awo ma, da tabon leɓensa, ya yarda a gaban kotu cewa da rani kaɗai ya ga filin, bai gan shi da damina ba. Aka ɗan ƙara wani abu a kan diyyar. Bai kai ko kusa da kuɗin filin mai rafi ba. An yanke wa Auta shekaru masu yawa.

Ba wanda ya zagi Duƙau a fuska. Gaisuwa kawai aka daina. In ya zo majalisa hira ta mutu, in ya tashi ta farfaɗo. Shanu biyu suka ɓace a watan, aka tafi wani gari aka ɗauko mai bin sawu. Ya aika wa matar Auta da hatsi, aka dawo masa da buhun a ɗaure yadda ya kai shi.

Ma'aikata suka zo suka fara kafa turaku da waya mai ƙaya. An sa ranar tashi, ba wanda ya gaya masa. Ya kwanta da zazzaɓi kwana biyu, ranar da ya samu ya fito sai ya tarar da ƙauyen wayam, ƙofofi a buɗe, turaku ba dabba.

Ya tsaya a mararraba ya duba ƙasa, don bai san wani abin yi ba. Garken dattijon nan ya yi gabas. Gidan Baffa sun bi titi, an ɗora Inna a kan amalanke. Wasu sun yi kudu, wasu sun bi bakin waya. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna shayarwa wuri ɗaya, ba gida uku da suka bi hanya ɗaya.

Da ya dawo ƙofar gidansa ya ga wani sawun da bai lura da shi ba da zai fita. Mace ce, da goyo, yara biyu suna biye da ita. Matar Auta. Ta baro hanya ta zo har bakin ƙofarsa. Ta tsaya, ta daɗe, har ƙaramin ya gaji ya zauna a ƙasa ya yi wasa da yashi. Ba ta ƙwanƙwasa ba. Ta juya ta koma hanya, yaran suka bi ta.

Sawun sabo ne, ko iska ba ta taɓa shi ba. In ya ɗaga ƙafa zai cim musu kafin azahar. Duƙau ya bi shi da ido har inda ya sha kwana a bayan turakun gwamnati, sannan ya zauna a bakin ƙofa, a gefe, inda ba zai taka shi ba.